Faifai Na Uku

Na taso daga aikin dare a asibitin Hull,
takalmina cike da ruwan saman titin Anlaby,
na tarar da Barira a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa.
"Umma, kwamfutar Baba ce.
Na danna, na danna, ba ta tashi ba."

Shekara goma sha ɗaya ina jinyar mutane,
na san ba a farawa da kuka,
da tambaya ake farawa.
Wuta na zuwa? Na zare filoginta, na soka na butar shayi,
buta ta ɗau gurnani.
To, bango dai bai yi laifi ba.

Na kara kunne a jikinta kamar a ƙirjin tsoho.
Fanka na juyawa. Ƙara uku, tit, tit, tit,
sai allo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Da sauran numfashi, in ji ni,
suma ta yi, ba mutuwa ba.

Da bakin wuƙar albasa na kwance kusoshi huɗu.
Ƙura ta yi gado a ciki,
har da ɓawon gyaɗa guda.
Ilu ke nan, ba ya aiki sai da abin taunawa.
Na zaro sandar ƙwaƙwalwa, siririya kamar mataji,
na goge haƙoranta na zinare da magogin fensir,
na mayar, ta ce ƙas.
Allo ya kawo haske, ya rubuto layi ɗaya tak:
ta duba ko'ina, ba ta ga hanyar gida ba.

Faya-fayan ceto na cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gado.
Rubutunsa ne, jan alƙalami, mai karkata hagu:
Na ɗaya. Na biyu.
Ambulan na uku wayam.
Mutumin da ke adana rasit ɗin burodi
ya tafi bai ce mana ga inda ya sa shi ba.

Tire ya haɗiye na ɗaya,
ya yi ta ƙugi kamar injin markaɗe.
Sai ga ƙofa biyu:
ko a gyara abin da ya karye,
ko a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.
Barira ta miƙa yatsa, na riƙe wuyan hannunta.
Yadda ta fito daga kamfani, 'yata,
ba ta san sunanki ba.
Ba ta san ranar da kika fara tafiya a yashin Bridlington ba,
ko muryarsa yana karanta miki wasiƙar Inna daga Funtuwa,
yana dariya, yana tari,
tarin da ni mai jinya ban ɗauke shi komai ba.

Muka zaɓi gyara.
Kashi goma. Arba'in da biyu. Na biyu ya shiga.
A sittin da bakwai ta kafe kamar jaki a bakin rafi.
Na dafa shayi, ya huce. Motar shara ta zo ta wuce.
Barira ta makara makaranta, ban ce mata tashi ba.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Ba a faɗi yadda zai yi ba
in dutsen ya ce: saka faifai na uku.

Muka birkice gidan. Aljihun kwat, bayan firji, cikin mota.
Can Barira ta tsaya cak a bakin taga
tana kallon ɗan lambun da ya bari.
Rataye da zare, saman kunyar alayyafon da ya bushe,
wani abu na juyawa, yana walƙiya,
yana korar tattabaru daga gonar da babu kowa.

Ta fita ba takalmi.
Ta dawo da shi a tafin hannu biyu, jiƙe, duk kashin tsuntsu.
Na wanke shi da ruwan ɗumi kamar jariri,
daga cibiya zuwa baki, na tsane shi da gefen mayafina.
Rana da ruwa sun cinye rubutun,
"ku" kawai ya rage.

Tire ya haɗiye. Ƙugi. Shiru. Ƙugi.
Sittin da takwas.
Barira ta damƙe hannuna,
ba mu ce komai ba.