Gaiwa a Ƙasan Tagwai

Ran da na koma gulbin Tagwai bazara ta yi nisa,
ruwa ya gudu ya bar yashi shimfiɗe kamar tabarmar da aka manta.
Sawun shanu, sawun guza, sawun babur ɗaya,
sai ƙoƙon wata kififiya da rana ta toya.
Babu kukan kwaɗo, babu ko ganyen kainuwa.

A nan Kawu Barmo ya koya mini tsayuwar bakin ruwa:
"Kada ka ba gulbi inuwarka, kifi ya san ta."
Gajere ne, dugadugansa duk faso,
yatsunsa biyu ƙayar kurungu ta lanƙwasa su tun yana saurayi,
amma in ya jefa birgi sai ya buɗe kamar faifai
ya sauka shiru, ko zalɓen da ke gefe ba ya motsawa.

Karfasa da hantsi, tarwaɗa da almuru,
minjirya kuwa, in ji shi, a bar ta da Mahaliccinta.
Ta taɓa girgiza shi har ya saki gora
ya fito yana salati, mu yara muna ta dariya
a gindin giyayya, inda Inna Hajo ke hura banda,
hayaƙi na bin zanenta har cikin kasuwa.

Wata shekara, irin wannan lokaci,
ya saɓi fartanya ya ce in biyo shi.
Muka yi ta tafiya cikin busasshen kwari,
yana ƙwanƙwasa taɓon da ya tsattsage, yana kasa kunne
kamar mai sallama a gidan da ba kowa.

Ya tsaya. Ya tona zira'i guda.
Sai ga wani dunƙule baƙi, naɗe cikin busasshen yauƙi,
wata biyar ba ci ba sha,
ido a rufe, wutsiya a kan hanci.
Na ce ta mutu. Ya ce, "Taɓa."
Ta yi ɗan gurnani a tafin hannuna. Gaiwa.

Ni har na fara jin ƙamshin miya a raina.
Shi ko ya daɗe yana dubanta,
sannan ya mayar da ita, ya tura ƙasa da gefen ƙafa,
ya daddanna kamar mai binne iri.
Muka koma gida da fartanya kawai.
Inna Hajo ta yi faɗa har bayan isha'i,
tuwon ranar da miyar kuka muka ci shi, lami, ba ko daddawa.

Sau uku na tambaye shi dalili.
Na farko ya ce ta yi ƙanƙanta.
Na biyu ya ce ya manta.
Na ukun yana kwance, numfashi na yi masa nauyi,
ya ce, "Hadari ya haɗo a gabas?" Na ce a'a.
Ya ce, "To, a jira."
Ya rasu saura kwana tara zuwan shamuwa.

Yau tifa uku ke ɗibar yashi a mashigi,
samari da shebur, rediyo na surutu a kan dutse.
An sare giyayyar, wurin ya zama tumatir da injin ban-ruwa.
Ba na zarginsu. Ni ma ɗakin bulo nake haya a cikin Katsina,
wataƙila da yashin nan aka buga shi,
kullum cikin gulbinmu nake kwana, ba na ganewa.

Na bar su, na gangara inda nake zaton wurin ne.
Ba wata alama. Duk da haka na durƙusa,
na buga taɓo da ƙashin yatsa.
Iska ta juyo da ɗan sanyi da warin ƙasa.
Can nesa, bayan giginyu, wani abu ya yi ruri,
ko tifa ce, ko sama ce,
ban tashi na duba ba.
Na bar kunnena a ƙasa, ina ta ƙwanƙwasawa.