Giginyar Ƙaura

A kwalejin Ƙaura Namoda
tsohon wilin keke ne kwandonmu,
ɗaure jikin falwaya.
Nomau Giginya suke kirana,
kuma na nesa ne suka sha inuwar.

Shekara bakwai a ƙungiyoyin ƙetare,
ɗakinmu ɗaya da Hagop,
haifaffen Amurka, jinin Armeniya.
In ƙwallonsa ta faɗa raga
sai ya ambaci ƙauyen kakarsa,
wanda bai taɓa takawa ba.
Ran nan ya ce mini, "Gida nawa mutum kan yi?"
Kafin in amsa aka busa usur.

Gwiwa ta riga ni ritaya.
Yau kankana nake saukewa daura da tashar jirgi.
Nakan auna nisa, in sake ta daga yatsu,
yaron shago ya cafe.
Har yanzu ban fasa ko ɗaya ba.