Takalman Baƙuwa

Huzaifa, ɗan shekara biyu da wata bakwai,
abu guda ya sani game da baƙi:
da takalma suke zuwa.
Su tuɓe a bakin ƙofa, su sha ruwa, su cika ɗaki da surutu.
In takalman sun ɓace,
gida ya dawo namu.

Ranar da na ɗauko uwarsa daga asibiti,
ruwan Agusta na dukan kwanukan Rigasa,
yana tsaye a kan dakali, rigarsa a baibai.
Goggo Dudu ta buɗe bakin tawul, ta ce, ga ƙanwarka.
Bai dubi fuskar ba.
Ƙafafun ya leƙa.

Kwana bakwai ƙofarmu kamar Kasuwar Barci,
silifa, mai tsini, na roba da lakar Tudun Wada,
shi kuwa yana tsugune yana gadi,
yana miƙa wa kowace mai barka nata tun ba ta yi sallama ba.
Aka yanka rago, aka raɗa Rumaisa,
aka kwashe kujerun haya,
ƙofa ta koma wayam.
Baƙuwa ɗaya tana nan.

Sai wanda ya daina jiƙa katifa ya koma jiƙawa.
Wanda ya iya cewa ruwa ya koma nuni da yatsa.
Ya zagaya bayan uwarsa, filin da ya gada tun ran gini,
ya tarar an ɗaure wata a wurin
da zanen da har yanzu yake ƙanshinsa.
Ya ciji bakin zanen.
Kunun kanwa ma sai an zuba masa, ya kurɓa, ya tofar.

Ni ban san me ake yi ba.
Na ɗora shi a tankin babur muka je tasha,
muka tsaya bayan waya har jirgin Abuja ya yi kuka.
Na zaci zai yi tafi kamar da.
Ya ce, Abba, yana ɗaukar ƙanana?

Wata Laraba ya shiga ƙarƙashin gado,
ya fito da yana a ka
da jajayen takalmansa na sallar bara,
masu cuwi-cuwi in an taka.
Ya jera su a ƙafafunta.
Mata suka ɗauki guɗa: kai, yaron nan akwai kyauta!
Ni da nake kusa na ji abin da ya raɗa mata.
Cewa ya yi, sa, tafi.

Daren da aka ɗauke wuta,
uwarsu na bayan gida da tukunyar darbejiya,
fitila ta ƙi kamawa, jaririya ta ƙi shiru.
Ina lalube, ina lalube,
sai kukan ya yanke kamar an rufe famfo.
Cikin duhu na ji muryarsa:
Abba, ta kama ni.
Na ce, zare yatsanka mana.
Ya ce, ta ƙi.
Ban ji alamar yana ja ba.

Bayan kwana biyu Maman Istifanus ta zo daga Kakuri,
ta ɗaga Rumaisa sama, ta kashe masa ido:
tunda ba ka so, ba ni ita in tafi da ita.
Bai yi kuka ba. Bai ce uffan ba.
Ya sulale ya fita.

Ba zan ce komai ya daidaita ba.
Jiya ma ya mintsine ta a cinya,
ya rantse kyankyaso ne.
Amma da safen nan uwarsu ta buɗe bokitin shinkafa,
ta zura gwangwani,
wani abu ya ce cuwi.

Ta dube ni, na dube ta.
Ta mayar da murfin.