Gunagunin Haske

Ƙarfe uku na dare a Gdansk,
tekun Baltik na lasar gindin tasha da harshen ƙanƙara.
Dobrawa ta tuɓe safar hannu da haƙori,
ta ɗiga man dizal cikin bututun gilashi
siriri kamar gashin girarta.

Haske ya shiga ta wannan baki.
Abin da ya fito ta wancan
ba magana ba ce, gunaguni ne:
layi na rawar ɗari a fuskar allo,
ya hau, ya zame, ya yi tuntuɓe,
kamar rubutun mai zazzaɓi.

A cikinsa akwai girgizar jirgin kwal da ya wuce,
akwai tarin tsohon firji a kusurwa,
da 'yar kumfa da ta yi ɓatan kai,
har da ƙofar da Leszek bai taɓa rufewa a hankali ba.
Can ƙarƙashinsu duka man yana faɗin gaskiyarsa
da muryar da ba ta kai ta sauro ba.

Shekara biyu ta yi tana koya wa na'ura sauraro.
Kwalba dubu huɗu da 'yan kai:
wannan zalla ne, wannan an yi masa algus.
Ta shiƙe, ta tankaɗe, ta sake shiƙewa,
har na'urar ta iya raba tsaba da ƙaiƙayi
ba sai an tsaya a kanta ba.

Leszek kuwa da hanci ya ci shekara talatin.
Ya shinshina murfi, ya ɗage kafaɗa:
"Lafiyarsa ƙalau. Sa hannu mu tafi,
kyaftin ya bugo sau biyar."

Allo ya yi jugum na daƙiƙa tara.
Sai ja.
Kananzir, kashi shida cikin ɗari,
ya laɓe a bayan girgizar jirgin kwal.

Ta maimaita. Ja.
Ta wanke bututu, ta canza zaren gilashi, ta kashe firji.
Ja dai.

Leszek ya zauna a kujerar nan mai ƙara,
ya jima yana juya kwalbar a gaban fitila.
"Mura nake yi tun Talata," ya ce,
ba da kowa yake ba.

A waje jirgin ruwa na jiran takarda ɗaya tak,
dusar ƙanƙara na taruwa a igiyoyinsa.
Dobrawa ta mayar da murfin alƙalami,
ta zuba shayi kofi biyu,
ta tura masa wanda bai tsage ba.

Waya ta sake ruri.
Leszek ne ya miƙa hannu.