Harshen Aro

Shekara uku ke nan da hancin Baba ya yi murabus,
harshensa ma ya bi sahu.
Tun lokacin ni ce ke sauka matakala ashirin da bakwai
zuwa ɗakin ƙasa mai sanyin rijiya,
inda kwalabe ke kwance, ƙura ta yi musu mayafi.

"Ɗauko ta shekarar fari, Casilda."
Shekarar da kogin Duero ya nuna haƙarƙarinsa,
inabin Toro ya tsuke, fata kauri, ruwa kaɗan,
muka tsinke shi da asuba, hannuwa duk tsaga.

Na zare toshiya. Na tsiyaya.
Ja ce, amma jan da ya kusa komawa baƙi,
ko fitila ka ɗora mata ba ta ba da hanya.
Baba ya juya kofinsa sau uku,
ya kai hanci, don sabo kawai,
sannan ya dube ni.

Na ce, akwai busasshen ɓaure,
akwai masoro, da ɗan kanumfari can ƙasa,
da ƙamshin ganga, irin na tsohon akwatin Inna.
Na kurɓa.
Bauri ya kama dasashina kamar ɓawon rumman,
zafi ya gangara ƙirji a hankali, bai nemi izini ba.

"Tana faɗa?"
Tana faɗa, Baba.
"To, a samo mata abokin zama."

Ƙanena Eutimio, mai gaggawar tsiya,
ya turo farantin farin kifi.
Loma ɗaya, kurɓi ɗaya, kifin ya ɓace,
sai ƙarni da ɗanɗanon tsohon cokali.
Baba ya karanta fuskata ya yi dariya har da tari:
"Ka haɗa kurciya da shaho a keji ɗaya."

Latas da ruwan tsami kuwa,
tsami biyu suka haɗu a ƙofa, kowa ya ƙi kaucewa.
Na ture kwanon.

Sai cukun tumaki, wanda ya shekara a kan katako,
mai gishiri, mai ɓarɓashi a bakin wuƙa.
Nan ta ɗan sassauta murya.
Ba sulhu ba ne tukuna,
gaisuwar maƙwabta ce ta kan katanga.

Daga nan tanda ta buɗe.
Kafaɗar ɗan rago, tun hantsi take cikin kaskon yumɓu,
ruwa, gishiri, tafarnuwa biyar, shi ke nan,
fata ta yi ƙaras, nama na zamewa daga ƙashi.
Na ci. Na kurɓa. Na yi shiru.
Maiƙon ya kwance wa baurin ɗamara,
ita kuma ta wanke maiƙon tas,
ta bar baki yana neman wata lomar.
Ɓauren da ya ɓuya ya fito fili,
har da wani zaƙi da ban san tana da shi ba.

An ce gani ya kori ji.
A teburinmu ji ne kaɗai ya rage wa mutum ɗaya,
don haka ba na rage komai, ba na ƙarawa.
Na faɗa masa duka, har hayaƙin itacen kuringa
da ya maƙale a gefen naman.

Ya daɗe yana tauna abin da ba ya ji.
Ya dangwala burodi a romo,
ya kalli kujerar da ke kusa da taga.

"Haka nake kafin Obdulia," in ji shi.
"Ba mai iya zama da ni."

Eutimio ya sunkuyar da kai cikin farantinsa.
A waje ƙararrawar coci ta buga uku.
Saura kwalba tara na shekarar nan.
Baba ya miƙo kofi:
"Ƙara min. Ki sake faɗa, daga farko,
kada ki tsallake akwatin."