Hoton da Ya Fito

Tun da duhu muka bar Tulcea,
ni da babana Anghel da kyamararsa,
wadda igiyarta ta yi shekara arba'in tana cin wuyansa.
Yau a wuyana take.
Yana ta rufe masa ido tun bara waccan.

A bakin mashigi Trofim ya kashe inji,
ya ɗauki gora ya fara tura jirgin.
"Daga nan a kama baki," in ji shi,
shi da bai ce uffan ba tun daga gaɓa.

Raɓa ta jiƙa mana gwiwa.
Ganyen bado na shafar cikin jirgi.
Sauro ya same mu, ya karya kumallo.
Kogin Danube a nan ya gaji da zama kogi,
ya baje, ya zama dausayi iya ganin ido.

Ni ban ga komai ba sai kacala.
Baba ya karkata kai
kamar mai sauraren hirar maƙwabta ta bango.
"Zalɓe," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Hagunki.
Ya tsufa, ji yadda yake jan ƙafa."
Kafin in juya, in saita, in danna,
sai zoben ruwa a inda ya tsaya.

"Kin samu?"
"Na samu ruwan."
Ya yi dariya ba sauti, kafaɗa kawai.

Haka muka yini.
Wutsiyar agwagwa, rabin fiffike,
reshe yana rawa bayan mai shi ya tafi.
Ya ce ina numfashi kamar mai bin bashi,
tsuntsu kuwa ba ya son mai nema.

Da rana ta take, muka ci burodi da cuku.
Trofim ya yanka albasa a kan gwiwarsa.

Sai ga su.
Kwasakwasa, sun fi ɗari,
sun taso daga bayan ciyawa ba sallama,
ƙasa-ƙasa, har iskarsu ta taɓa mana gashi.
Ƙarar fikafikansu kamar ana kakkaɓe zannuwan gari guda.
Na ɗaga kyamara. Hannuna ya ƙi.
Na danna dai, ban san me na nufa ba.

Da dare, a ɗakin girki, na bi su ɗaya-ɗaya:
ɗari biyu da sha bakwai, duk na shara.
Sai guda.
Babu tsuntsu a ciki, ko gashi.
Baba ne, hula ta zame, baki a buɗe,
fuska sama, inuwar fiffike ta ratsa goshinsa.

"Me ya fito?" ya tambaya daga kujera.
Na ce, "Wani tsoho, wanda ba ya cikin littafinka."
Ya ce, "Rubuta rana da wuri a bayansa.
Irinsu ba sa dawowa kowace shekara."