Mai Gadin Ƙofa

Ruwa ke zuba a Gent tun la'asar.
Taragon ƙarshe ya haye gada yana kukan ƙarfe.
Ni kaɗai na rage a hawa na huɗu,
ni da firiji mai gurnani,
da 'yar tsokar hanji da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba,
wadda aka tsinko da safe daga cikin Tijs Verhulst.

Tijs mai gasa burodi ne a bakin kogin Leie.
Shekara shida bai ci ɓawon abin da ya gasa ba.
Ya haddace kowane banɗaki
daga ƙofar shagonsa zuwa tashar jirgi,
kamar yadda wani ke haddace sunayen 'ya'yansa.
Ya ce mini, "Lieselot, wa ke yaƙi da ni?"
Na ce, "Ba baƙo ba ne."
Ya yi shiru. Da ɗan gari akan ci gari.

Na sa ido a madubi, ga garin a buɗe:
bango ya tsage, ƙadangaru sun samu wurin shiga,
dakaru sun fito, sun kore su tun bara,
amma ba wanda ya ce wa makaɗi ya ajiye ganga.

Ga yadda maganar ke tafiya.
Ɗan aike ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙwayar halitta.
Ba ya shiga, ba a taɓa barinsa ba.
Daga ciki akwai mai gadi,
wanda aka raɗa wa sunan wani gunkin Rumawa mai fuska biyu,
shi ke jin bugun, ya taɓa kafaɗar mai gudu,
mai gudu ya ruga ƙuryar ɗaki
inda littafin umarni yake,
a buɗe shafin da ya ce: ku kunna wuta.
Sai a kunna.
Sai wutar ta haifi wasu 'yan aike.
Haka har asuba, haka har shekara shida.

Magabatanmu a wannan aiki ambaliya suka saki,
ta kashe gobara, ta tafi da rufin gida.
Daga baya muka koyi tare ɗan aike a hanya,
sai ya aiko ƙanensa ta bayan gari.
Yanzu ga 'yar ƙwaya fara a tafin hannuna,
ba ta kashe kowa.
Auduga kawai take cusa wa mai gadi a kunne.
A yi ta bugu. Ba amsa.

Sai dai ina tsoron kurman mai gadi.
Ran da ɓarawon gaske ya zo fa?

Mako takwas, Tijs ya dawo da ƙunshi a hammata,
kumatunsa sun fara tuna siffarsu.
Ya ɗaga riga: ƙuraje sun yi masa ɗamara a haƙarƙari,
jajaye, masu zafin garwashi,
tsohuwar cutar yarinta ce ta tarar da ƙofa ba tsaro.
Ya ce, "Na yarda da cinikin.
Jiya na yi barci har ƙararrawar coci ta tashe ni."

A gado na tara kuwa, Godelieve tana nan yadda take.
Ƙwaya ɗaya, awo ɗaya,
amma garinta yana da wata ƙofa
da ba ta cikin taswirata.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Gaskiya ne, nata ya riƙe sirrinsa.

Na gutsuri burodin Tijs a tsaye, da sauran ɗuminsa,
na goge gari a jikin farar rigata,
na zaro gilashin Godelieve,
na sake kunna fitila.